Motar da ta shaƙe da mai: tarihin kafireta da masu gane ciwonta

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne. Ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Damagaram da wata Peugeot 504 mai dogon baya, irin mai layi uku na kujeru, wadda kowa ke kira Fijo. Da kuɗin wannan mota aka saya mini littattafai da kayan lakwal, kuma ita ta kai ni makarantar horar da malamai da akwatina ɗaure a bisa rufinta. Ranar da ta ƙi tashi, ranar cefanen gidanmu kan ragu. Ciwon da ya fi kama ta kuwa shi ne shaƙewa: mai ya yi wa inji yawa, a yi ta murza makulli tana gurnani, warin fetur ya cika wuri, amma ta ƙi kamawa.

Akwai wani bakanike abokin mahaifina da ya riƙe motar tun daga ranar da aka saye ta har ranar da aka sayar da ita. Baba muke ce masa. A hutun da ya wuce na je gaishe shi, na tarar idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, sai dai yakan zauna a benci kusa da garejin da ya bar wa yara. Muna cikin hira wani saurayi mai lambu ya kawo injin ban ruwa da ya ƙi tashi. Yaron garejin ya ja igiya sau uku, ya ce kafireta ta mutu, a sayo sabuwa. Baba ya ce, «Kawo nan in shinshina.» Ya kai hancinsa, ya shafa ƙarƙashinta ya ji danshi, ya ce a kwance ɗan kwanon da ke ƙasa a duba bakin allura. Ƙwayar rairayi ɗaya aka samu. Aka busa, aka mayar, inji ya tashi. Mai lambu ya tafi da kuɗinsa a aljihu, yaron gareji kuma ya ɓata fuska don ciniki ya wuce shi.

Baba ya juyo ya ce mini, «Mushe, ku da kuke rubutu, ku rubuta wannan kafin mu ƙare.» Abin da ya sa na zauna ke nan. Ni malamin makaranta ne, ban ƙware a kanikanci ba, amma na riƙe wa Baba turnabis hutu bayan hutu, kuma na bi tarihin wannan ƙarfe a littattafai.

Daga ina ta fito

Tun sunanta ma yana ba da labarin hanyar da ta biyo. Waɗanda suka koyi aiki a Yamai, ko a hannun mutanen Kwatano da Lome, suna cewa karbiratar. Waɗanda suka koya a Kano ko Katsina suna cewa kafireta. A Maraɗi duka biyun za ka ji a gareji ɗaya, ni kuma zan riƙe kafireta don shi ne sunan da na taso da shi.

Aikinta ɗaya ne: haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Fetur ba ya ƙonewa da kyau yana ruwa, sai ya tarwatse ya gauraya da iska, kuma da awo. Ana son kusan kilo 15 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur, masana suna cewa 14.7. Idan aka mayar da shi lita, kowace lita ɗaya ta mai tana neman iska wajen lita 9,000. Iska ta yi yawa, inji ya yi tari ya mutu da yunwa. Mai ya yi yawa, buji ya jiƙe, wuta ta kasa kamawa, shi ne shaƙewar da muke magana.

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 tana da wata irin kafireta ta farko, inda iska ke bi ta kan fetur ta ɗauki tururinsa. Wannan dabara ba ta da tabbas, domin yadda mai ke tururi da sanyin safe daban da yadda yake yi da rana. A 1893 Wilhelm Maybach, abokin aikin Gottlieb Daimler, ya fito da irin da ta zama uwar duk waɗanda muka sani: ɗan kwano mai riƙe fetur, wani abu mai iyo a cikinsa, da ɗan rami da mai ke fesowa cikin iska. A shekarar nan kuma wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Donát Bánki da János Csonka, suka yi rajistar tasu mai kama da ita.

Hikimar da ke cikinta ta girmi mota. Tun ƙarshen ƙarni na 18 wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya yi bayanin abin da ke faruwa idan ruwa ya bi ta bututun da ya tsuke a tsakiya: gudunsa yana ƙaruwa, matsinsa yana raguwa. Haka iska ma take. Maƙogwaron kafireta a tsuke yake, iskar da inji ke zuƙa tana wucewa ta nan da gudu, sai ta jawo mai daga ɗan ramin da ake kira jiklar. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon feshin maganin sauro ya ga wannan aiki da idonsa. Shi kuwa abin iyo, wato fulotar, aikinsa tsaron ƙofa. Idan kwano ya cika sai ya taso ya tura wata allura ta toshe hanyar mai, idan mai ya ragu ya sauka allura ta buɗe. Rabin tarihin shaƙewar mota a kan wannan allura yake.

A Faransa kamfanoni biyu suka yi suna da ita, Solex da Zenith, a Italiya kuma Weber. Da yake motocin Faransa ne suka fara cika ƙasarmu, sunan Solex da Zenith ne bakanikenmu suka fi gani rubuce a jikin ƙarfen.

Yadda ta iso mu

A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, masu sarƙa a baya maimakon taya, ya taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ya ratsa hamada, ya biyo ta Yamai da Damagaram ya nufi Tafkin Cadi. Lokacin Damagaram ce babban birnin mulkin mallaka, sai a 1926 aka mayar da shi Yamai. A wancan zamani mota kayan Nasara ce, talaka sai jaki da raƙumi da ƙafa. Cinikin gyaɗa ne ya fara jawo manyan motoci zuwa Maraɗi da Damagaram da yawa, kuma a gindin waɗannan motoci ne ƴan ƙasa na farko suka koyi kwance inji.

Peugeot 404 ta fito a 1960, shekarar da muka samu ƴancin kai. Mai buɗaɗɗen bayanta, wadda ake rufe wa da tamfol, ta zama motar kasuwannin ƙauye. Sai 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta kuma ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin daga nan kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano, suka riƙa shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Daura, ta Illela da Ƙonni. A daidai lokacin kuɗin uranium ya fara shigowa, tunda an fara haƙa a Arlit a 1971, gwamnati ta sayi motoci, ƴan kasuwa suka saya, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. Faransa ta daina yin 504 ta fasinja a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka.

Peugeot ta yi wasu 504 marasa kafireta, masu famfon fesa mai na kamfanin Kugelfischer, da wasu masu shan gazuwal. Amma wadda direbobin tasha irin mahaifina suka fi riƙewa ita ce mai kafireta, saboda dalili ɗaya: idan ta tsaya a daji tsakanin Tasawa da Takeita, da turnabis da makulli biyu da bakinka na busawa za ka iya tayar da ita.

Abin da ya sa ta fi ciwo a wurinmu

Waɗanda suka ƙera kafireta sun yi ta ne don ƙasa mai sanyi, mai tsabtataccen fetur. Mu kuwa abu uku muka tarbe ta da su.

Na farko ƙura. Da hazo ya sauka, matatar iska kan toshe, inji ya kasa samun numfashi, sai ya riƙa jan mai fiye da kima. Shi ya sa wasu motocin da aka yi wa Afirka suka zo da matata mai ɗan kwanon baƙin mai a ƙasa, wadda ake wankewa a mayar.

Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin murfin inji ya fi haka nesa. Fetur kuwa yana da sassa masu saurin tafasa. Direba ya tsaya sallah ko cin abinci ya kashe mota, iska ta daina bi ta kan inji, zafi ya hau kafireta, man da ke cikin kwano ya tafasa ya malala cikin maƙogwaro. Ya dawo bayan minti ashirin ya tarar ta shaƙe, alhali lafiya lau ya kashe ta. Wani lokaci kuma a cikin tiyo ko famfon mai fetur ke zama tururi, famfo ya kasa turawa, mota ta mutu da yunwa tana cikin tafiya. Tsumman da direbobin da ke jiƙawa su ɗora kan famfo maganin wannan ne, kuma yana aiki.

Na uku shi ne man kansa. Shekara da shekaru yawancin motocin kudancin ƙasar nan man ƴan ruwa-ruwa suka riƙa sha, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya saboda arharsa a can. Man yakan bi ta durom da jarka da kwalba da mazurari kafin ya shiga tanki, a kowane zango kuma yana ɗaukar tsatsa ko rairayi ko ɗigon ruwa. Ramin jiklar na ralanti bai kai faɗin milimita ɗaya ba, bakin allura kuma ƙwayar ƙasa ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. Na tuna mahaifina ba ya yarda a zuba masa mai sai an shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari, masu sayarwa suna yi masa dariya, shi kuma ya ce gara dariya da kwanan daji.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake samu da CFA 50 ya koma 100, duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi. A wannan lokaci ne na ga ƙwarewar su Baba ta kai ƙarshe. Fulotar na tagulla da ya huje ba a yar da shi, sai a fitar da man da ya shiga ciki a liƙe da dalma. Abin da ake sa wa tsakanin murfi da kwano don hana yoyo, daga kwali ake yanko shi. Kafireta uku matattu sukan haɗu su ba da ɗaya mai rai. Talauci ne ya tilasta haka, amma ilimin da ya fito daga ciki na gaske ne.

Yadda Baba ke binciken mota

Abin da ya bambanta shi da sauran bakanike tsari ne. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya gama tambaya. Yaushe ta mutu, da sanyi ko bayan ta yi zafi? Tana tsaye ko tana gudu? Farat ɗaya ta ɗauke kamar an kashe makulli, ko sai da ta yi ta fizga? A ina aka sha mai na ƙarshe? Yakan ce wa mahaifina, «Alhaji, mota ba ta ƙarya, direba ne ke ɓoye abin da ya yi mata.»

Bayan tambaya sai hanci. Idan warin ɗanyen fetur ya tashi daga inji da bakin salansa, mai ya yi yawa. Sai ido: ya cire matatar iska ya leƙa maƙogwaro. Idan inji a kashe yake amma mai na ɗiga ciki, ko jikin kafireta ya jiƙe, to allura ba ta rufe ba. Sai ya cire buji ɗaya ya karanta shi kamar wasiƙa. Jiƙaƙƙe da fetur, shaƙewa ce. Baƙi mai busasshen toka, mota ta daɗe tana shan mai fiye da kima. Fari fat, yunwa take ji ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, wannan kuma ciwon cikin inji ne. Mai lafiya launin ɓawon gyaɗa gare shi. Hayaƙi ma haka: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai yawa da ba ya ƙarewa na ruwa.

Kafin ya ɗora wa kafireta laifi kuwa sai ya tabbata akwai wuta. Wannan ne darasin da ya fi maimaita wa yaransa. Idan bobin ya raunana, ko bakin filatin da ke cikin delko ya ƙone, buji ba zai ba da tartsatsi ba, mai zai yi ta shiga ba ya ƙonewa, buji ya jiƙe, wari ya tashi, komai ya yi kama da shaƙewa alhali kafireta lafiyarta ƙalau. Ya ce ya sha ganin an kwance ta sau uku a banza, ciwon yana wani wuri.

Idan ya tabbata shaƙewa ce, yakan fara da tayar da motar. Direba ya taka totur a hankali har ƙasa, ya riƙe shi nan ba tare da ɗagawa ba, sannan ya murza makulli na ɗan lokaci, ya huta, ya sake. Buɗe totur gaba ɗaya yana barin iska mai yawa ta share man da ya taru. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya yi ta bugun totur, bai san akwai wani ɗan famfo a jikin kafireta da ke tsarto mai duk takawa ɗaya ba, wato yana ƙara wa mai amai abinci. Idan hakan bai yi ba, a cire buji a shanya, a bar inji ya sha iska.

Daga nan sai neman sanadi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya duba cok, murfin nan da ake rufewa da safe don rage iska, ko ya maƙale a rufe. Ya duba matatar iska. Ya ƙwanƙwasa kwano da ƙotar turnabis, don allurar da ta maƙale takan saki. Idan datti ne a bakinta, sai ya matse tiyon mai ya bar inji ya shanye na cikin kwano, sannan ya saki, man da ya shigo da ƙarfi ya wanke wurin. Sai duk wannan ya gaza yake kwance murfi. Ya ɗauko fulotar ya girgiza kusa da kunnensa, in ya ji motsin ruwa ciki, ya huje ya yi nauyi, ba zai iya tasowa ya tura allura ba. Idan yana shakka sai ya nutsa shi cikin ruwan zafi, kumfa ta nuna masa inda hujin yake. Ya duba bakin allura ko ya ci har ya yi zobe, ya auna tsayin da fulotar ke tsayawa. Daga baya, da mutane suka fara sa famfon mai na lantarki a tsofaffin motoci, sai wani sabon sanadi ya ƙaru, domin wasu famfunan suna turo mai da ƙarfin da ya fi ƙarfin allura.

Mutuwar mota kuma kowace da alamarta. Wadda ke mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur amma tana gudu lafiya, jiklar na ralanti ne ya toshe, ko iska na satar hanya ta gindin kafireta. Wadda ke tafiya ƴan kilomita ta mutu, a jira ta sake tashi, mai ne ba ya isowa: matatar mai, ko famfo, ko ɗan ramin numfashin tanki, wanda za ka gane idan ka buɗe murfin tanki ka ji ya zuƙi iska. Bobin da ke gajiya in ya yi zafi shi ma haka yake yi. Wadda ke fizga tana tari bayan an sha mai a hanya, a nemi ruwa a gindin kwano, don ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wadda ta ɗauke farat ɗaya, a fara da waya.

Abu biyu ya hana ko da wasa. Ba a tsokanar jiklar da waya ta ƙarfe, busawa ake yi, domin ramin ya faɗaɗa ko kaɗan mota za ta riƙa shan mai har abada. Ba a kuma barin shaƙewa ta daɗe, domin fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Shi ya sa yake shinshina sandar awon baƙin mai. Ga kuma haɗarin gobara idan mai na ɗiga a kan inji mai zafi.

Da na shiga makarantar horar da malamai aka koya mana yadda ake bi da yara a darasin kimiyya: a lura, a yi zato, a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, a yanke hukunci. Na zauna a aji ina jin kamar an taɓa koya mini wannan, sai na tuna ashe a garejin mutumin da bai taɓa shiga lakwal ba ne.

Yadda Turai ta sallame ta

Hayaƙi ne ya kashe kafireta a ƙasashen da suka haife ta. Tun 1967 kamfanin Bosch ya sa na'urar fesa mai ta lantarki a wata Volkswagen. A 1976 Volvo ta fara amfani da wani ma'auni a cikin salansa da ke gaya wa inji ko haɗin mai da iska ya yi daidai. Sai dokar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro 1, wadda ta fara aiki a 1992, ta wajabta wa sababbin motocin fetur matatar hayaƙi. Wannan matata ba ta aiki sai haɗin ya tsaya daidai a kowane lokaci, abin da kwano da allura ba za su iya ba. Cikin ƴan shekaru kamfanoni suka daina sa kafireta a motocin da suke sayarwa a can, Amurka ma ta riga su da kaɗan.

Mu labarin ya iso mu a makare, ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Tsofaffin motocin Turai suka riƙa shigowa ta Gaya, da farko masu kafireta, daga baya masu injekta da kwamfuta. Toyota ta ture Fijo daga tasha. Na ga lokacin da wasu bakanike, da suka rasa gane ciwon sabuwar mota, suke cire mata injekta su ɗora tsohuwar kafireta. Mota takan tashi, sai dai shan mai ya ƙaru. Yau kuwa yaro ne ke zuwa da na'ura ya jona, ta faɗa masa lamba. Ba na ƙin wannan ci gaba. Motar yanzu ta fi tsimin mai, ta fi saurin tashi da safe, hayaƙinta ya fi sauƙi a ƙirjin ƴaƴanmu. Samun matatar mai ta Damagaram tun ƙarshen 2011, da cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, su ma sun sauya irin man da motocinmu ke sha.

Abin da ya rage mana

Sai dai wanda ya ce kafireta ta mutu bai leƙa titi ba. Mafi yawan baburan kabu-kabu da ke yawo a Maraɗi da Damagaram da Tawa da ita suke tafiya. Tana cikin ƙaramin janareto na mai shago, tana cikin injin ban ruwa na masu albasa a Galmi da masu lambu a bakin Gulbin Maraɗi. Na tabbata yawan kafiretocin da ke aiki a ƙasar nan yau ya fi na zamanin mahaifina, sun dai sauka ne daga mota zuwa injinan talakawa. Kwano ɗaya ne, allura ɗaya, ƙura da zafi ma ba su canza ba.

Abin da ya canza shi ne hannun da ke taɓa ta. Da ƙananan kafiretoci masu arha suka cika kasuwa, sauyawa ta fi bincike sauƙi, ta kuma fi kawo riba. Yaron garejin nan da ya ce a sayo sabuwa ba mugu ba ne, haka ya ga ana yi. Amma mai lambun da albasarsa ke jiran ruwa, kuɗin sabuwar kafireta kuɗin takinsa ne, kuma idan dattin yana cikin tanki, sabuwar ma kwana biyu za ta yi ta shaƙe. Yaron da ya saba da sauyawa ba tare da tambaya ba, ko na'ura aka ba shi haka zai yi da motar zamani, ya sauya wannan ya sauya wancan har aljihun mai mota ya ƙare.

A ajina na ƙarshen firamare, kowace shekara akwai yaran da na san ba za su wuce kwaleji ba, gareji za su tafi. Bana na ari wata tsohuwar kafiretar babur na kai aji, muka kwance ta a kan tebur, muka sa fulotar cikin kofin ruwa suka ga yadda yake tasowa. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara shi ya fara gane abin da zai faru idan ya huje. Ina roƙon ƴan'uwana malamai su gwada, ba ya cin kuɗi. Ina kuma roƙon masu cibiyoyin koyon sana'a su nemi tsofaffin bakanike da ke unguwanninsu tun suna da rai, su zaunar da su gaban yara ko da sau ɗaya a mako, a biya su haƙƙinsu.

Na koma wurin Baba na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya ce na manta abu ɗaya: kafin a buɗe murfin inji a fara duba ko akwai mai a tanki, don ya taɓa bin wani direba tafiyar rabin yini a kan haka. Ga shi na ƙara. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.